Shelar da Ta Hana Dattijo Tuwo

Makon jiya wani saurayi da ya gama jami'a ya same ni ina ɗaure lasifika a kan keke mai ƙafa uku. Ya tsaya yana kallona har na gama, sannan ya ce wai shi bai ga abin wahala a sana'ata ba, ai magana ce kawai, kuma shi tun yana shekara biyu ya iya magana. Na ce masa gaskiyarsa, akuya ma tun ranar da aka haife ta take kuka, amma ban taɓa jin an ba ta shelar ɗaurin aure ba. To saboda shi da ire-irensa na zauna nake wannan bayani. Sunana Ɗanjuma, amma a Tudun Wada in ka ce Ɗanjuma za a nuna maka mutum goma. Ka ce Mai Shela, za a kawo ka har ƙofar gidana. Na haura shekara talatin ina wannan aiki.

A hannun Baba Tanko na koya, Allah Ya jiƙansa. Shi da zallar murya ya fara, kafin ya samu lasifika mai faɗin baki da batirin mota da yake ɗaurewa a kariyar kekensa. Shekara biyu ina tura wannan keke, ban taɓa riƙe makirfo ba sai in za a goge shi. Ranar da ya fara miƙo mini, shelar tsintuwa ce, wata tunkiya aka tsinta a wajen unguwar Kongo. Na buɗe murya na kwatanta ta tsaf: fara ce, kunnen hagu baƙi kuma a tsage, da jar igiya a wuya, tana ɗan ɗingishi. Kafin la'asar mutum huɗu sun zo, kowa ya kwatanta ta daidai da yadda na faɗa, ɗaya har da ƙwalla, wai tun tana jaririya yake ba ta dusa da hannunsa. Baba Tanko bai zage ni ba. Ya dai sa ni na zauna da mutanen nan huɗu da tunkiyar har magariba, shi ya tafi gida. Daga ranar na san in ana shelar tsintuwa, alama ɗaya a cikinka ake barin ta.

Ku da kuke ganin magana ce kawai, bari in lissafa muku kaɗan. Shela sau uku ake yin ta a wuri guda: ta farko don a yi shiru, ta biyu don a ji, ta uku don matan da ke cikin gida waɗanda sai a lokacin suka ajiye taɓarya. Ba a juya lasifika ta kalli iska. Ba a yi kusa da kiran salla, ba a yi a ƙofar gidan da ake zaman makoki. Makirfo sai an sa masa safa, in ba haka ba numfashinka za a ji kafin maganarka. Ruwan sanyi kuwa na rabu da shi tun ina saurayi, zuma da citta su ne abokaina. In ka gama sai ka kashe na'ura ka ɗan tsaya, don wanda ya san inda akuyar da ake cigiya take ba zai faɗa da ƙarfi ba, raɓowa zai yi kamar mai tambayar hanya.

Masu kawo aiki iri-iri ne. Akwai 'yan siyasa, waɗanda kan so in ce jama'a sun yi dafifi alhali ni da direba ne kawai a filin. Akwai masu maganin gargajiya, da kan rubuto mini kalmomin da in na iso layin surukaina sai in kashe na'ura in ce batir ya yi sanyi. Akwai rigakafi, akwai cigiyar yara, akwai walima. Shelar mutuwa ce kaɗai ba na karɓar komai a kanta, haka na tarar Baba Tanko yana yi.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce shekarar kullen annoba. Ba biki, ba taro, ba siyasa, ko akuyoyi sun daina ɓata tunda kowa yana gida yana kallon tasa. Na sayar da ƙaramin janareta, na sayar da lasifika ɗaya cikin biyu. A shekarar na san yunwa, kuma na gane cewa ba cikin ne ya fi ciwo ba, a gane ka ne. Na faɗi wannan don ku san abin da zan ba ku labari ba da rashin sani na yi shi ba.

A layinmu muna ciyayya. Bayan sallar magariba kowane magidanci zai fito da kwanon gidansa, a shimfiɗa tabarma a ƙofar shagon Habu tela, a jera kwanuka a tsakiya, a ci tare. Doka ɗaya ce: babba a cikinmu shi ke buɗe kwano, in bai ɗaga murfi ya yi bisimilla ba, ba mai miƙa hannu. Babbanmu kuwa Malam Iro ne, mai gyaran agogo, dogo siriri, ya haura saba'in, yana da kes, wato ɗan shagon katako, a bakin titi. Waya ta kashe masa kasuwa, tunda yanzu kowa a aljihu yake duba lokaci. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa ɗaya tana aure can kudu. Gidan da ya yi shekara ashirin da wani abu yana haya a ciki, mai shi ya rasu, magada suka sayar, wanda ya saya ya rushe ya zuba shaguna.

Malam Iro ya ce mana ya koma unguwar Hanwa wurin ɗan ƙanensa. Kullum da magariba sai ga shi da kwanon samira ɗaure cikin ƙyalle mai tsafta, ya ajiye cikin sauran. Bayan isha'i ya yi mana sai da safe, ya nufi titi kamar mai neman keke, ya zagaya ta bayan gidan mai, ya shige kes ɗinsa. Ni na fara ganewa, wata asuba da na fita ɗauko batir daga wurin caji na hango shi yana fitowa yana miƙe baya, don kes ɗin bai kai tsawonsa ba. Ban faɗa wa kowa ba. Daga baya na lura Habu ya sani, liman ya sani, mai shayi ya sani, kowa ya sani, kuma ko a tsakaninmu ba mu taɓa ɗaga maganar ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Kwanon Hanwa kuwa babu komai a ciki. Yadda muke yi shi ne, da an jera kwanuka sai wani ya ce, "Malam, agogon masallaci kamar yana gudu, duba mana." Masallacin taku goma ne. Sai ya miƙe ya tafi dubawa, Habu kuma ya juye rabin tuwonsa da miya a cikin samirar ya rufe. Sama da shekara ana duba wannan agogo kullum, kuma Malam Iro yakan daɗe a ciki daidai gwargwadon lokacin da juye tuwo ke buƙata. In ya dawo ya buɗe kwanuka, mu yi ta yaba girkin Hanwa, muna cewa matar ɗan ƙanen nan nasa ta iya miyar kuka. Wadda abin ya dama ita ce Lami matar Habu, da ke jin mu ta taga. Ta taɓa ce wa matata ita ba ta ƙi a juye ba, amma a ce miyarta a kwanon Habu gishiri ya yi yawa, ita dai wannan miyar a kwanon Hanwa ta fi ta kowa, wannan kam sai Allah Ya saka mata.

Ana haka wasu ɗaliban jami'a daga Kongo suka zo mini da aiki. Shugabarsu Rukayya, yarinya mai ladabi, ta durƙusa ta gaishe ni, ta miƙo takarda bugaggiya. Sun kafa ƙungiya, za su yi gangamin wayar da kan jama'a a kan yunwa da rashin wurin kwana. Takardar ta ce duk mai fama da yunwa, duk wanda ba shi da inda zai kwana, ya zo filin firamare ranar Asabar, a rubuta sunansa, a ɗauke shi hoto, a ba shi abinci. A ƙasa kuma an rubuta: ku duba maƙwabtanku, wataƙila wanda kuke zaune da shi bai ci komai ba yau.

Na ce mata ta bari in ce walima ce, kowa ya zo, a cire zancen hoto. Ta ce a'a Baba, ai ɓoye matsalar shi ne matsalar, kuma waɗanda suka ba su tallafi suna son su gani da idonsu. Ban ga laifinta ba, don yunwar tana nan, ba ƙirƙirar ta suka yi ba, kuma yaran da suka bar karatu suka zo suna damuwa da cikin wani sun fi masu zaman kashe wando. Amma na san takardar ba ta yi ba. Sai dai aikin kwana uku ne, ni kuma na kwana biyu ban ga aiki mai tsoka ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala, na karɓa.

Kuma na yi shelar da kyau, wannan shi ne abin haushin. Kwana uku ina zagaya Tudun Wada lungu-lungu. In na iso wurin "ku duba maƙwabtanku" sai in sauke murya in ɗan karkaɗa ta, har wata tsohuwa ta leƙo ta katanga tana share ido da gefen zane. Na koma gida ina jin ko Baba Tanko bai taɓa yin irinta ba.

Ranar Asabar fili ya cika. 'Yan acaɓa sun jera babura sun bi layi, 'yan ƙwallo sun zo da rigunansu, wani surukina mai tumbi ya karɓa sau biyu, karo na biyu da hular wani. Na tsaya ina duba fuskoki. Gwauruwar da ke bayan layinmu mai 'ya'ya biyar ba ta zo ba. Tsohon masinjan da fanshonsa ya maƙale bai zo ba. Duk gidan da na san ana kwana ba a ɗora tukunya ba, ba wanda ya fito daga cikinsa. Ɗalibai suka ɗauki hotuna da yawa, kowa a ciki yana dariya da ƙoshin lafiya.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Akwai Alhaji Mamman, wanda ya yi ritaya daga aikin gwamnati a Kaduna, ya sayi gida a layinmu wata shida kafin nan, ya shiga ciyayyarmu da kuloli har uku. Mutumin kirki ne, mai saurin kuka, amma ba wanda ya yi masa bayanin kwanon Hanwa, tunda abu ne da ba a bayaninsa. Kuma kullum a makare yake fitowa, bayan an gama juyi. Shelata ta shige shi sosai, ya ce sau bakwai ya ji ta. A wannan Asabar ya fito da wuri. Aka ce Malam Iro ya duba agogo, ya tafi. Kafin Habu ya miƙa hannu, Alhaji garin taimakawa wajen gyara kwanuka ya ɗaga samirar, ya ji ba nauyi, ya buɗe. Habu yana ta taka masa ƙafa, shi yana janyewa yana ba shi haƙuri a zatonsa ya tare masa wuri. Daidai nan Malam Iro ya dawo.

Alhaji ya ɗago kwanon, ido ya kawo ruwa, ya ce, "Subhanallahi. Malam Iro, ashe kai ne wanda Mai Shela yake faɗa? Wallahi gobe da kaina zan kai sunanka wurin yaran nan."

Malam Iro ya karɓi kwanonsa, ya rufe, ya ɗaure ƙyallen a hankali. Ya ce da alama yara a Hanwa sun yi kuskure sun ba shi kwanon da ba shi ba, bari ya koma ya canzo. Ya yi mana sallama ya tafi. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan magaribar ba, don kalmomin da ke bakin Alhaji nawa ne, ni na zuba masa su.

Bai dawo ba, washegari ma haka. Ya sauya masallaci. Habu ya aika masa da tuwo, ya mayar ya ce azumi yake yi, alhali an sha ruwa. Alhaji kuma, maimakon ya tsaya, sai ya tura direba da buhun shinkafa har bakin kes da rana tsaka, buhun ya dawo ko zaren ba a taɓa ba. Mai shayi ya ce mini kwana uku ruwan zafi kawai yake karɓa. A rana ta huɗu na ji yana neman wanda zai sayi kes ɗin, wai zai bar gari. Dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya, ba Hanwa, ba ko'ina, zai bar inda aka san shi ya tafi inda zai zama tsohon da ke kwance a tasha.

Mu kuma a tabarma abin ya tsaya cak. Ana jera kwanuka, a zauna ana kallon su. Wanda ke bin Malam Iro a shekaru Habu ne, ya ce shi hannunsa ba zai ɗaga murfin nan ba. Haka kowa ke mayar da kwanonsa gida, mata suna tambaya ko guba suka sa. Ban ce ba wanda ya ci ƙanzo a ɓoye ba, ni ma na ci. Alhaji ya ce zai je ya durƙusa ya nemi gafara a gaban jama'a, muka riƙe shi mu uku, muka ce in ya ƙara taimakon kowa a makon nan za mu kai shi gaban mai unguwa.

Ranar Laraba bayan la'asar na ɗaura lasifika, ba wanda ya sa ni, ba wanda zai biya. Na tsayar da keke a tsallaken titi daura da kes ɗin, na juya bakin lasifikar ta kalli shagon magani, don ba a nuna wa mutum ita in da shi ake. Na gyara murya na ce:

"Sanarwa ga jama'ar Tudun Wada. An gano masu fama da yunwa mutum shida a layin Habu tela. Kwana huɗu ba su ci tuwon dare ba. Akwai Habu tela, akwai Alhaji Mamman mai mota biyu, akwai ni Ɗanjuma da nake magana. Dalili kuwa, dattijon da ke buɗe musu kwano ya yi yaji. Duk wanda ya gan shi ya gaya masa Alhaji ya fara ramewa, wandonsa yana zamewa a sahun salla."

'Yan acaɓa suka fara tsayawa, mai rake ya ajiye wuƙa yana dariya. Da na shiga ta biyu na ga tagar kes ta buɗe. Ban kai ta uku ba. Malam Iro ya tsallako titi, gilashin duba agogo yana maƙale a goshinsa, yana isowa ya fizge wayar batir.

"Ɗanjuma, kai ba ka da kunya ne? Layinmu za ka tozarta a bainar jama'a?"

Na ce masa yunwa ce, Malam, mu ma ba da son ranmu ba. Ya ce zai zo da magariba, amma in sani ba don komai ba sai don ya rufe mini baki.

Ya zo, da samirarsa a ƙyalle. Muka tarbe shi da zancen tsadar taki, kamar jiya muka rabu. Alhaji mun riga mun yi masa karatu tun la'asar, jimla ɗaya aka ba shi, aka ce in ya ƙara ko "to" a kai ya koma Kaduna. Da aka jera kwanuka ya ce, "Malam, agogon masallaci kamar yana gudu." Malam Iro ya kalle shi. Sannan ya dafa gwiwa ya miƙe. Alhaji ya juye kaza guda a cikin samirar har murfi ya ƙi zama, sai da Habu ya kwashe rabi yana zagin sa ƙasa-ƙasa. Da Malam Iro ya dawo ya buɗe, ya ga cinya, ya ce da alama yau an yi baƙi a Hanwa. Ya yi bisimilla, muka ci.

Bayan kwana biyu liman ya same shi da koke. Akwai ɗan ɗakin da ke jikin masallaci inda ake ajiye tabarmi, agogon nan kuma ya addabi jama'a, ladan yana makara da asuba, ko Malam zai taimaka ya dawo kusa? Malam Iro ya ce sai ya yi shawara da ɗan ƙanensa. Mako guda ya bar mu muna jira. Daga baya ya ce ya yarda, ko da yake Hanwa ta fi iska, amma da sharaɗi a gyara taga kuma a hana buga ƙwallo a jikin bangon.

Rukayya ta zo ta tambaye ni wace irin shela ce na yi da ake ta labarinta har Kongo. Na ba ta labarin ban faɗi suna ba. Sai ta tambaya ko dattijon zai yarda a ɗauke shi bidiyo. Na kalle ta, ta ce yi haƙuri Baba, bakina ne ya riga ni. Yanzu ƙungiyarsu masara da wake take kai wa mata irin su Lami, waɗanda suka san gidan da hayaƙi bai tashi ba, su kuma su aika da kwano a matsayin ɗanɗanon maƙwabta. Tana ƙorafin ba su da hoton nunawa, ni kuma na rasa aikin shelarsu gaba ɗaya.

Da Malam Iro ya tare a ɗakin masallacin, wata rana da hantsi ya kira ni ya ce in ba shi agogon hannuna, yana jin ƙararsa ba daidai ba. Ya buɗe bayansa yana tsokana da ɗan tsinke, bai ɗago ya kalle ni ba ya ce, "Shela biyu ka yi a kaina, Ɗanjuma. Ta ukun ta jana'izata ce. A nan na yarda ka faɗi sunana da ƙarfi, har matan cikin gida su ji. Kafin nan, ko a hira ka faɗa ban yafe ba."

Shekara uku ke nan. Yana nan da ƙafafunsa, jiya ma ya yi wa ladan faɗa a kan minti biyu. Saboda haka kada wani cikinku ya wahalar da kansa yana yawo a Tudun Wada yana tambayar ina Malam Iro mai agogo. Ba sunansa ke nan ba. Ranar da za ku ji na gaskiyar daga bakina kuwa, ina roƙon Allah Ya nisanta ta.